Ku Tambayi Baba: Kifin kaka a manyan tabkunan Amurka

Wasiƙun wannan fitowa duk hanya ɗaya suka bi. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Amurka suna ta aiko da hotunan kifi, na gida kuma suna son sanin abin da suke gani. Na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a Tawa. Ƙanena yana tuƙin taksi a Niyok. Cikin Oktoba ya turo mana hoto ta WhatsApp, yana tsaye cikin kogi, ruwa iya cinya, rungume da wani kifi da tsawonsa zai kai daga ƙasa zuwa ƙugu. Ya ce sunansa salmon, daga wani tabki yake fitowa, wai kuma in ya shigo kogin ba ya komawa. Tsohuwarmu ta ce ita ba ta yarda da kifin ba, don ya yi baƙi, bakinsa ya tanƙware. Wane irin kifi ne? Ya halatta a ci? In yana girma haka, me zai hana a kawo irinsa a zuba a tabkin Tabalak?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata idonta bai ruɗe ta ba. Kifin da ta gani ya kama hanyar mutuwa, sai dai ba ciwo ne ya kama shi ba, haka Allah ya tsara rayuwarsa.

Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tabkuna biyar da ruwansu ke zuba cikin juna: Sufiriya, Mishigan, Huron, Eri da Ontariyo. Ruwan daɗi ne, babu gishiri, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa yana cikinsu. Mishigan kaɗai faɗinsa wajen murabba'in kilomita 58,000 ne, wato kimanin rabin jihar Tawa, zurfinsa kuwa ya kai mita 281. In ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙetare. Mazauna birnin Niyok galibi Ontariyo suke nufa, wani ƙaramin gari mai suna Pulaski da kogin Salmon ya ratsa, tafiyar awa biyar ko kusa da haka a mota. Ina kyautata zaton can ƙanenka ya tsaya.

Mai girma irin wannan, Shinuk ake ce masa, kuma baƙo ne a tabkunan. Asalinsa tekun Fasifik. Yadda aka yi ya zo, labari ne da ya kamata duk mai son zuba kifi a ruwan da ba nasa ba ya sani. Da aka haƙa hanyoyin jiragen ruwa, wasu halittun teku sun samu ƙofar shiga tabkunan. Ɗaya wata doguwar aba ce mai zagayayyen baki, lamfare, da ke manne wa kifi ta tsotse jininsa. Ita da yawan kamun ƴan kasuwa suka gama da babban kifin tabkin Mishigan a shekarun 1940 zuwa 1950. Da mai cinsa ya ƙare, sai wani ɗan ƙaramin kifin teku, alwaif, ya cika ruwan ba mai hana shi. A 1967 ya mutu da yawan da har sai da aka sa manyan motoci suna kwashe gawarsa daga bakin ruwa a Shikago, wari ya hana mutane zama. Tun kafin wannan, shugaban sashen kifi na jihar Mishigan daga 1964 zuwa 1966, Howard Tanner, shi ya kawo shawarar a samo kifin da zai cinye alwaif. Aka ɗauko ƙwan wani irin salmon mai suna koho daga jihar Oregon, aka saki ƴaƴan a 1966, Shinuk ya biyo baya a 1967. Suka tarar da abinci har ya yi musu yawa, suka yi girman da ya girgiza mutane. A Agustan 2021 an kama Shinuk mai kusan kilo 22 a gaban garin Ludington.

Yanzu ga dalilin da ya sa hotunan ba su zuwa muku sai ƙarshen damina da kaka. Salmon kifin sanyi ne, ruwan da yake so bai wuce ma'aunin 10 zuwa 12 ba. Da zafinsu, wato Yuli da Agusta, ruwan tabki yakan rabu hawa biyu: mai ɗumi ya kwanta a sama, mai sanyi a ƙasa, kamar yadda mai ke kwanciya a kan miya. Kifin yana bin iyakar nan ta tsakani, inda sanyi yake kuma ƙananan kifaye ke taruwa, sau da yawa mita 15 zuwa 40 ƙarƙashin ruwa. Mai fatsa daga bakin gaɓa ba ya isa gare shi. Sai da jirgi mai inji. Suna ɗaura curin dalma mai nauyin kilo huɗu ko biyar a wayar ƙarfe, su maƙala zaren fatsa a jikinsa da wani ɗan maɗauri, su saukar daidai zurfin da na'ura ta nuna musu kifi. A ƙarshen zaren akwai ƙarfe mai ƙyalli da ƙugiya. Jirgin yana tafiya a hankali, saurin mai tafiya a ƙasa. In kifi ya cafka, zaren ya kuɓuce daga dalmar, sai a shiga kokawa. Wani lokaci iska takan tura ruwan ɗumi tsakiyar tabki, mai sanyin ya taso a gaɓa, kwana ɗaya sai ka ga kifin ya matso kusa. Masuntan can suna kallon iska fiye da yadda suke kallon kalanda.

Daga tsakiyar Agusta, waɗanda suka kai shekara uku ko huɗu sukan fara taruwa a bakin kogin da aka haife su ko aka sake su suna ƙanana. Da ƙamshin ruwan suke gane shi, ikon Allah. Suna jiran a yi ruwan sama kogi ya ƙaru ya yi sanyi, sai su haura, Satumba zuwa Oktoba. Tun daga nan sun bar cin abinci. Kitsen jikinsu suke ƙonawa, mace tana mai da shi ƙwai. Farin jikin ya koma baƙi-baƙi, namiji bakinsa ya tanƙware, haƙora su fito don faɗa da ƴan'uwansa. In ya kai wa ƙugiya cizo a wannan hali, fushi ne ba yunwa ba. Mace ta share tsakuwa da wutsiyarta ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya zuba nasa ruwan, ta rufe. Bayan ƴan kwanaki duk su mutu. Ƙwan ya kwana cikin tsakuwa duk tsawon hunturunsu, ƴaƴan su gangara tabki in ƙanƙara ta narke.

Lokacin da nake aikin gwamnati an taɓa tura mu ƙaro ilimi can, aka kai mu wani shinge da aka gitta a kogi don tare kifin. Ma'aikata sanye da rigunan roba suna tsaga cikin mace, ƙwai jajaye su zubo cikin roba, a matse namiji a kai, a gauraya, a kai gidan ƙyanƙyasa. Wani yana gefe yana auna kowane kifi yana rubutawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai rubutun nan ne. Da shi suke sanin ko abinci ya ishi kifin. A tabkin Huron alwaif ya ƙare wajen 2003 zuwa 2004, Shinuk ya rame, kamunsa ya rushe. Da na Mishigan suka ga haka, a 2013 suka rage yawan ƴaƴan da suke saki da kusan rabi, duk da masu jiragen haya sun yi ta ƙorafi. Yau fiye da rabin Shinuk ɗin tabkin Mishigan a koguna yake haihuwar kansa.

Batun halacci, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kuma hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, yana cikin Muwaɗɗa. Kifin ƙanenka ma da ransa ya kama shi. Amma halal daban, daɗi daban. Wanda aka kama a tabki yana fari sol, namansa ja ne mai kitse. Wanda ya daɗe a kogi namansa ya yi fari, ya yi laushi, sai dai a banda shi. In jikinsa ya fara farin tabo yana saɓulewa, a bar shi. Ka kuma gaya masa hukumar lafiya ta jiharsu tana fitar da shawara kan yawan kifin tabkin da ya kamata mutum ya ci, saboda dattin masana'antu na da da ke taruwa a kitse. Ya karanta ta, musamman in akwai mai ciki ko yara a gidan, ya kuma riƙa cire fata da kitsen ciki.

Tabalak kuwa, a'a, ɗana. Na sha jefa ma'aunin zafi cikin ruwan nan da bazara ya haura 30. Salmon in ruwa ya wuce 24 zuwa 25 na ƴan kwanaki mutuwa yake. Tabalak ba ta da zurfin da zai ɓoye masa sanyi, ba kogin tsakuwa mai gudu da zai haihu, ba hunturun da ƙwansa ke bukata. Ko a Disamba da muke rawar ɗari bai isa ba. Ko da ma zai rayu, ni ba zan sa hannu ba. Giwan ruwanmu ne aka kai tabkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye shi, ƙananan kifayen asalin wurin iri-iri har ɗaruruwa suka ɓace. Amurkawa sun kawo salmon ne don gyara ɓarnar da ta riga ta auku, kuma har yau suna kashe kuɗi suna kashe lamfare da magani a koguna kowace shekara. Tabalak tana da tarwaɗa da karfasa da suka san zafinmu, kuma tun 2005 tana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye. Abin da ke cinta yashi da laka ne da kwari ke kawowa suna cike ta, da kamun da ba ya barin ƙanana. A tare waɗannan, za ka ga kifin da za ka ɗauki hoto da shi ka tura Niyok.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da bandar kifi a Yamai shekara da shekaru. Ɗiyata tana aure a Toledo, jihar Ohayo. Ta ce cikin Satumba maigidanta yakan bi abokansa cikin jirgi su kamo wani kifi, perch. Wani yaro ɗan lakwal ya gaya mini ai giwan ruwa ne. To da na ga hoton, duk bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba. Raina ya ɓaci. Ashe su ma ƴaƴan kifi suke kwashewa yadda ake yi mana nan?

Amsa: Hajiya, barka kadai, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ki kwantar da hankalinki, surukinki bai yi ɓarna ba. Yaron ya ji Faransawa suna haɗa su a suna ne, amma kifi biyu ne da ba dangi ɗaya ba. Giwan ruwa yakan wuce kilo 100. Wancan kuwa, mai jiki rawaya da zane baƙi a tsaye, in ya kai santimita 25 zuwa 30 ya zama babba. Waɗanda kika gani sun riga sun haihu. Bari in ce masa ɗan rawaya.

Toledo tana bakin tabkin Eri, wanda ya fi sauran huɗun rashin zurfi, tsaka-tsakinsa mita 19 kawai, ɓangaren yamma inda ɗiyarki take bai ma kai rabin haka ba. Shi ya sa ya fi ɗumi, ya fi abinci, ya fi kifi. Ɗan rawaya yana haihuwa ne a Afrilu da Mayu, mace ta saki ƙwai a jere cikin wani dogon zare mai yauƙi ya sarƙe a ciyawa. Saboda haka kamun Satumba bai taɓa lokacin haihuwarsa ba. Abin da ke faruwa a kaka shi ne ruwa ya fara sanyi, kifin ya haɗu garke-garke a ƙasa yana ci sosai kafin hunturu. Ba a jan jirgi kamar na salmon. A nemo garken da na'ura, a jefa anga, kowa ya saukar da zare mai ƙugiya biyu ko uku da ƙananan kifaye masu ƙyalli a matsayin koto, dalma ta taɓa ƙasa, a ɗaga kaɗan. Cizonsa ba ƙarfi, sai mai natsuwa ke jin sa. In garken ya tsaya ƙarƙashin jirgi, bibbiyu ake ciro su. In ya wuce, sai a ɗaga anga a bi shi. Namansa fari ne mai daɗi, a yanke shi falle-falle a soya da gari. A Wiskonsin ma soyayyen kifin daren Juma'a al'ada ce babba, kuma yana cikin kifayen da ake soyawa.

Ga inda nake so ki lura. Kowa a jirgin nan yana da takardar izini da ya saya, kuma akwai adadin da ba ya wucewa a rana. A ɓangaren yamma na Ohayo guda 30 ne a shekarun nan, a tsakiyar tabkin kuma an rage zuwa 10 a 2021 da aka ga ƴaƴan sun yi ƙaranci. Jami'i yakan tare jirgi ya ƙirga. Ba don sun fi mu tsoron Allah suke haka ba, sun ɗanɗana ne. A tabkin Mishigan ɗan rawaya ya yi ƙasa warwas a shekarun 1990, har jihohin da ke kewaye suka rufe kamunsa na kasuwa da taru, iyalan da suka gaji sana'ar suka rasa abin yi. Cikin abubuwan da ake ɗora wa laifi akwai wasu ƙananan kwanson ruwa da jiragen ƙetare suka shigo da su, aka fara ganinsu a 1988. Suna tace ruwa su cinye abincin da jariran kifi ke rayuwa a kai. Har yau bai koma yadda yake ba.

Ɓacin ranki kuwa yana da wuri, sai dai wurin nan gida ne. Ke kin fi ni sanin abin da ke zuwa kasuwa yanzu: karfasa mai faɗin yatsa biyu, ƴaƴan giwan ruwa da ba su kai tsawon hannu ba, kurungu da sai an tara goma a cika tire. Kogin Kwara a Yamai yana cika sau biyu, jan ruwan damina a Agusta da Satumba, sannan ruwan da ke gangarowa daga Gine ya iso a Disamba da Janairu. Da ruwan damina ne yawancin kifinmu ke fita fadama ya haihu cikin ciyawa. Ruwa na janyewa ƴaƴan na komowa kogi, nan ake tare su da gidan sauro. Na ga wannan da idona, gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, an ɗinke shi an mai da shi taru. Na tsaya bakin ruwan ranar na kasa magana. Dokar kamun kifi ta Nijar ta 1998 ta hana raga mai idon da bai kai yatsa uku ba, ta hana guba da nakiya. Tun kafin doka ma, sarkin ruwa yakan rufe gurbi ya hana taɓa shi sai ranar da ya buɗe, kuma Sarkawa suna bi. Na san masunci ba don mugunta yake yi ba, yara ne a gida, kuma in ya bari wani zai kwashe. Amma ku masu saye kuna da ƙarfin da jami'in gandun daji ba shi da shi. In matan da ke banda a kasuwa ɗaya suka haɗa baki suka ƙi karɓar abin da bai kai yatsa uku ba, mai gidan sauro ba shi da inda zai kai. Ki kai maganar taron adashenku.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne ɗan Yamai, ina karatu a Milwoki. Ba ni da jirgi ba ni da kuɗin haya. Zan iya kama kifin nan daga bakin ruwa?

Amsa: Za ka iya, ɗana, kuma Satumba ne lokacinka, don a nan ne Shinuk ɗin tabkin Mishigan ke shigowa tashar jiragen garin da bakin koguna. Mutane suna tsayawa kan dogayen katangun da ke tare igiyar ruwa, da asuba ko bayan magariba, suna jefa ƙarfe mai haske a duhu. Wasu suna sa ƙwan salmon ɗin kansa a ƙugiya ƙarƙashin ɗan abin da ke yawo a saman ruwa. Zarenka ya zama mai ƙarfi kuma mai tsawo, ka kuma nemi koma mai dogon hannu, don daga katanga ba ka iya ɗago kifi mai kilo takwas da zare.

Kafin komai ka sayi takardar izinin jihar Wiskonsin tare da hatimin salmon na manyan tabkuna, ana sayarwa ta intanet da shagunan kayan su. Ka karanta ɗan littafin dokar na shekarar, saboda adadi da ranakun rufewa suna canzawa, na ɗan rawaya ma a gefenku ƙanƙane ne ƙwarai. Kada ka yarda wani ya koya maka fizgar ƙugiya a jikin kifi, an hana. Kai baƙo ne mai takardar karatu, ba ka bukatar sunanka a littafin jami'i.

Ka ji tsoron ruwan nan. Tabkin yana tashi da kaka ba sallama. A Satumban 1967, shekarar farko da koho ya komo, mutane suka cika ruwa da ƙananan jirage a arewacin Mishigan, guguwa ta taso, bakwai suka nutse. Katangar ma in ta jiƙe santsi gare ta, igiya takan haye ta, ruwan kuma sanyinsa yana kashe hannu da ƙafa cikin ƴan mintoci ko da ka iya iyo a Kwara. Ka sa rigar da ke hana nutsewa, ka tafi da aboki, in iska na kaɗawa daga tabki zuwa gari ka koma ɗaki ka jira gobe. In Allah ya ba ka, ka zubar da jininsa nan take ta wajen yanke jan naman kumatunsa, ka sa shi a ƙanƙara. Guda ɗaya ya ishe ka da abokan ɗakinka har mako.